A ɗaga kemo a je ƙarin ƙwayoyin gamma-delta a ƙasar waje?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma ba a sashen masu ciwon daji nake aiki ba. Yayata mai shekara 44 an gano tana da sankarar mama, irin wadda sakamako ya nuna babu ER, babu PR, babu HER2, wato alamomi ukun da ake dubawa a ƙarin domin zaɓen magani. Ƙarin ya kai santimita 3.5, kuma akwai kaluluwa a hammata. An tsara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, kafin tiyata, ranar farawa ta matso. Sai ga wani dillalin fita neman magani ya kawo mana takardu, ya ce akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, irin waɗanda ake kira ƙwayoyin T, masu suna gamma-delta da ke zaune a cikin naman mama, kuma bincike ya nuna macen da take da su da yawa ta fi daɗewa. Ya sa aka yi mata gwajin jini, aka ce nata kashi 2 ne kacal cikin 100, wai sun yi ƙasa. Ya ce kemo zai ƙarasa kashe su, gara a fara kai ta wani asibiti a Asiya a ɗebi jininta a hayayyafa su a mayar mata. Mijinta har ya fara cigiyar mai sayen filinsa. Na rasa inda zan sa kaina, ina tsoron in hana kuma daga baya a ce ni na toshe mata hanyar samun sauƙi. Don Allah a warware mini.

Amsa

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba yayarki lafiya, ya sa kaffara ne. Kada a ɗaga ranar kemo saboda wannan magana, kuma a ce wa maigidanta ya bar filinsa. Zan kawo miki dalilai filla-filla domin ki iya tsayawa a gaban dangi ki kare wannan matsaya da hujja.

Takardun da dillalin ya kawo mai yiwuwa na gaske ne, kuma wannan ne ya sa abin yake da haɗari. Binciken yana nan. Abin da ya ɓoye muku shi ne ƙwayoyin da binciken ya yi magana a kansu daban, waɗanda aka ƙirga a jinin yayarki daban, waɗanda kuma za a sayar muku a leda su ne irin na jinin.

Gamma-delta a jikin ɗan Adam manyan gidaje biyu ne. Na farko Vγ9Vδ2, a taƙaice Vδ2, su suka fi yawa a jinin babban mutum. Ba sa jiran a nuna musu gutsuren furotin a kan HLA, wato faifan da ƙwayar jiki ke nuna abin da ke cikinta a kai, kamar sauran ƙwayoyin T. Abin da ke tada su ƙananan sinadarai ne masu fosfet: IPP da ƙwayar jikinmu ke samarwa a hanyar mebalonet, da HMBPP da ƙwayoyin cuta irin na maleriya da tarin fuka ke samarwa, wanda ya ninka IPP ƙarfi sau dubbai. Sinadarin yana maƙalewa a wani furotin mai suna BTN3A1 ta cikin ƙwaya, BTN3A1 ya haɗu da ɗan'uwansa BTN2A1, sai Vδ2 su gane akwai matsala. Na biyu Vδ1, tare da ƙannensu Vδ3. Su ne mazauna nama: shimfiɗar cikin hanji, fata, huhu, hanta, da naman mama. Suna ɗauke da CD69 wanda ke hana su amsa kiran fita zuwa jini, da CD103 wanda ke riƙe E-kadirin na ƙwayoyin shimfiɗa, da yawansu kuma da CD49a wanda ke kama kolajin. Wato an ɗaure su a wurin da gangan. Vδ2 kamar 'yan sintirin babban titi ne da ke wucewa a mota, Vδ1 kuwa maigadin gida ne da ya san fuskar kowa a gidan, ƙirga motocin da ke titi ba zai gaya miki ko maigadi yana bakin ƙofa ba.

Abin da ya sa masana ciwon daji suka damu da Vδ1 shi ne yadda suke gane ƙwayar da ta fara lalacewa. Ƙwayar da DNA ɗinta ya samu rauni, ko take rarrabuwa ba ƙaƙƙautawa, tana fitar da alamun wahala a bayanta, irin su MICA, MICB da dangin ULBP. Vδ1 suna da NKG2D da ke kama waɗannan alamu, wasunsu kuma suna da NKp30, NKp44 ko NKp46 irin na ƙwayoyin NK, wasu dakarun garkuwa masu kisa. Da sun kama sai su zuba fafarin da giranzaim su huda ƙwayar, su saki intaferon-gamma su kira sauran dakaru. A hanji akwai ƙarin sirri: BTNL3 da BTNL8 da ke kan shimfiɗar hanji su ne ke zaɓar gamma-delta masu Vγ4 su riƙe su a wurin, wanda aka bayyana a 2016. Kowace gaɓa da nata mazaunan, da irin tarbiyyar da ta ba su. Muhimmancin wannan a ciwon daji shi ne ƙari yakan tsere wa ƙwayoyin T masu kisa da ake kira CD8 ta hanyar jefar da HLA ajin farko. Wannan dabara ba ta aiki a kan Vδ1, domin tun asali ba da HLA suke gani ba.

Hujjojin da ake da su a taƙaice ga su. A 2001 an nuna ɓerayen da aka cire wa gamma-delta sun fi saurin kamuwa da sankarar fata. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun duba bayanan kwayoyin gado na ƙari kusan 18,000 daga nau'in ciwon daji 39, suka ga alamar gamma-delta ce ta fi kowace tafiya tare da tsawon rai. Wannan shi ne binciken da dillalai suka fi ɗauka, ba sa kuma faɗin cewa kwamfuta ce ta kintaci yawan ƙwayoyin daga RNA, kuma daga baya an nuna alamar da aka yi amfani da ita tana cakuɗa gamma-delta da CD8 da NK.

Wanda ya shafi yayarki kai tsaye shi ne na 2019 daga rukunin Adrian Hayday a Landan. Sun ciro Vδ1 daga lafiyayyen naman mama da kuma daga ƙari, suka ga suna kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji, suna fitar da intaferon-gamma, ba sa fitar da IL-17, sinadarin da ke tada kumburi. Da suka duba mata masu irin sankarar yayarki, sai suka ga tsawon rai yana tafiya da yawan Vδ1 a cikin nama. Ki riƙe abu uku daga wannan bincike. Matan 11 ne. A nama aka auna, ba a jini ba. Kuma tsawon ran bai tafi da jimillar gamma-delta ba, bai tafi da Vδ2 ba, da Vδ1 kaɗai ya tafi. Takardar da dillalin ke kaɗa muku ita da kanta ta rushe cinikinsa.

A 2022 wannan rukuni ya ga irin haka a sankarar huhu: waɗanda ba ta dawo musu ba bayan tiyata sun fi yawan Vδ1, kuma alaƙar ta fi ƙarfi da Vδ1 masu CD103 da ke cikin lafiyayyen huhun da ke gefen ƙarin. A 2023 masu bincike a Holan sun duba ƙarin da na'urar gyaran DNA ɗinsa ta lalace, mafi yawa na babban hanji, wanda kuma ya rasa B2M, wato ba ya iya nuna HLA ajin farko. A ƙa'ida bai kamata maganin toshe PD-1, wato birkin da ke kan ƙwayoyin T, ya yi musu aiki ba, tunda CD8 ba sa ganin ƙarin. Sai ga shi 20 cikin 21 sun amfana, alhali cikin masu B2M lafiyayye 31 cikin 50 ne suka amfana. Da aka bi sawu sai aka tarar Vδ1 da Vδ3 masu PD-1 ne suka cika wurin. A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi da muke da ita cewa mazauna nama suna aiki da gaske a jikin mutum, kuma ki lura magani ne sananne ya kwance musu ɗauri a inda suke zaune, ba ƙarin ƙwayoyi aka yi wa kowa ba.

Ba kuma kullum suke gefenmu ba. A ɓera, gamma-delta masu fitar da IL-17 suna tara fararen ƙwayoyin jini masu suna nutirofil su taimaka wa sankarar mama ta bazu, an nuna haka a 2015. A mutum masu IL-17 ba su da yawa kamar a ɓera, amma an ba da rahotonsu a sankarar babban hanji, kuma a sankarar fankiriyas an ga gamma-delta suna danne sauran ƙwayoyin T. Su kansu suna iya rikiɗewa su zama ciwon daji, kamar limfoma ta hanta da saifa. Saboda haka “a ƙara su” ba magana ce ta ilimi ba sai an faɗi wane gida, a wace gaɓa, a wane hali.

Yanzu bari in tsaya a kan kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kowace rana sai ya shigo asibiti da sabuwar riga. Shi ne tunanin cewa garkuwar jiki wani abu ne da ake aunawa a jini da lamba ɗaya, idan lambar ta yi ƙasa sai a “ƙara” ta, idan aka ƙara ta ciwon daji zai narke. Jiya da sunan garin ganye ake sayar da wannan tunani, shekaranjiya da sunan ƙwayoyin ƙarin kuzari na kamfanonin shiga-ka-shigo-da-wani, yau kuma an sa masa sunan gamma-delta domin ya shiga kunnen masu ilimi irinki. Cinikin ɗaya ne, kuma ƙarshensa ɗaya ne: mace ta tafi da ƙari santimita 3 ta dawo bayan wata biyar mama ya fashe yana wari, ciwo ya shiga hanta da ƙashin baya, kuɗin kemo kuma an cinye.

Mu fara da lambar. A lafiyayyen mutum gamma-delta kashi 1 zuwa 5 ne cikin 100 na ƙwayoyin T na jini, wani lokaci har 10. Kashi 2 da aka ce na yayarki daidai yake. Babu wata ƙa'idar kula da sankarar mama a duniya da ta ce a auna wannan kafin magani, babu kuma wata iyaka da aka amince a kanta da za a ce ƙasa da ita haɗari ne. Lambar tana hawa da sauka da shekaru, da zazzaɓin makon jiya, da ko mutum ya taɓa kamuwa da ƙwayar cutar bairas mai suna CMV. A wajenmu ma abin ya ƙara rikicewa. Binciken da aka yi a Ghana a 2000 ya nuna lafiyayyun mutane a can sun fi Turawa yawan gamma-delta a jini, kuma Vδ1 ne suka fi rinjaye, saɓanin abin da ke cikin littattafan Turai. A Tororo ta Yuganda an nuna a 2014 cewa yaran da maleriya ke yawan kamawa Vδ2 ɗinsu suna raguwa kuma suna sanyi. Mace da ta tashi cikin sauro tun tana goye, a ɗauki jininta a gwada da ma'aunin da aka gina a kan Turawa, a ce mata “kin yi ƙasa”, wannan ba ganewar cuta ba ce, hanyar buɗe jaka ce. Ina ma tantama ko takardar ta raba Vδ1 da Vδ2. Ki duba. Idan ma ta raba, Vδ1 na jini ba su ne na mama ba.

Sai abin da ke cikin ledar. Hanyar da irin waɗannan asibitoci suka saba bi sananniya ce, ba sirri ba ce. A ɗebi jini, a ware fararen ƙwayoyi masu cibiya ɗaya, a zuba musu maganin ƙashi mai suna zoledironet kimanin maikuromola 5 da IL-2, sinadarin da ke sa ƙwayoyin T hayayyafa, kimanin yunit 1,000 a kowace mililita, a bar su kwana 14 ana ƙara musu abinci. Zoledironet yana toshe inzayim FPPS, IPP ya taru a cikin wasu fararen ƙwayoyi masu suna monosait, Vδ2 su gani su hayayyafa. Abin da ke fitowa bayan mako biyu Vδ2 ne kusan zalla. Vδ1 ba sa amsa wannan kira sam. Wato gidan da binciken Landan ya ce yawansa bai tafi da tsawon rai ba, shi za a saya da kuɗin fili.

Ina suke zuwa idan an ɗura su a jijiya? An gwada wannan a Ostireliya, aka buga a 2011: an yi wa ƙwayoyin alama da sinadarin indiyam mai haske a na'ura aka bi su. Huhu suka fara tsayawa, daga nan suka tattara a hanta da saifa. Kaɗan ne ke isa ƙarin da ke wani wuri, wanda ya isa kuma zai tarar da sinadarin TGF-beta mai sanyaya garkuwa, da ƙarancin iskar oksijin, da ƙwayoyi masu danne garkuwa. Ba su da CD103 da tarbiyyar zama a nama da za su daɗe a wurin. Kuma ba daga kowane mai ciwon daji suke hayayyafa ba, akwai waɗanda za a yi kwana 14 a buɗe kwalba a tarar ba abin kirki. Asibitin da ya karɓi kuɗinki tun farko ba zai kira ki ya ce noman bai yi ba.

An fi shekara ashirin ana gwada wannan hanya a mutane. A Jamus a 2003 an ba masu limfoma da mayeloma famidironet, ɗan'uwan zoledironet, da IL-2. A Italiya a 2007 an ba masu sankarar mafitsara ta maza, wato furostet, zoledironet da IL-2. A Japan an ɗura ƙwayoyin da aka hayayyafa ga masu sankarar ƙoda da huhu. Sakamakon kusan iri ɗaya ne: ba ya cutarwa sosai, amma ƙarin da ya ragu ƙalilan ne, gwaje-gwajen kuma ƙanana ne, yawancinsu babu rukunin kwatance. Babu wani maganin ƙwayoyin gamma-delta da hukumar magunguna ta Amurka ko ta Tarayyar Turai ta amince a yi wa mai sankarar mama. Masu aiki na gaskiya sun koma kan Vδ1 ne saboda wannan gazawa. A Lisbon ta Fotugal rukunin Bruno Silva-Santos ya fitar da hanyar hayayyafa Vδ1 a 2016, tana ɗaukar kusan mako uku da jerin sinadarai daban, wasu kamfanoni kuma suna ɗora musu CAR, wato makami na ƙira da ke sa su gane wata alama a jikin ƙwayar sankara. Duk wannan yana matakin gwaji, mafi yawa a ciwon daji na jini. Ina fatan ya yi nasara, kuma ina ganin akwai dalilin fata. Amma abin da ke matakin gwaji ba a sayar da shi ta hannun dillali.

Akwai wani reshe na wannan kuskure da ya fara yaɗuwa: mutum ya ji zoledironet yana tada gamma-delta, sai a samu mai kemis ko wani ɗan asibitin lungu ya ɗura wa mara lafiya “don ƙara garkuwa”. Zoledironet magani ne na gaske, muna ba da miligiram 4 a jijiya cikin abin da bai gaza minti 15 ba, ga wanda ciwo ya shiga ƙashi, ko duk wata shida ga wasu matan da haila ta ɗauke musu bayan tiyata. Amma kafin kowace allura ana duba kiriyatinin, ba a ba wanda tacewar ƙodarsa ta gaza mililita 30 a minti, ana duba kalsiyam da bitamin D, ana tura mutum wurin likitan haƙori domin yana iya kashe ƙashin muƙamuƙi, musamman idan aka cire haƙori ana cikin karɓarsa. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da ke zuwa cikin kwana uku na farko aikin Vδ2 ne, shi ne kuma masu tallan ke nuna wa dangi su ce “ga shi garkuwa ta tashi”. Abin da ba sa faɗi shi ne idan aka yi ta maimaita allurar Vδ2 na jini raguwa suke yi suna gajiya. Haka batun garin ganye da kwalaben “ƙara garkuwa”: lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta, a jikin kwalbar ma akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wasunsu suna wahalar da hanta a daidai lokacin da muke buƙatarta ta sarrafa magungunan kemo irin su doksorubisin da fakilitaksel.

Saura maganar da ta fi tsorata ki, cewa kemo zai kashe su. Gaskiya ne kemo yana rage limfosait na jini, wato dangin fararen ƙwayoyin da ƙwayoyin T ke ciki, suna kuma farfaɗowa bayan an gama. Amma matan da ke cikin binciken Landan ba ganye aka ba su ba, maganin asibiti aka yi musu. Duk hujjar da ake da ita cewa Vδ1 suna tafiya da tsawon rai daga jikin mutanen da aka yi wa tiyata ko kemo ko maganin PD-1 ta fito. Babu bincike ko ɗaya da ya nuna mace ta bar magani Vδ1 ɗinta suka cinye ƙari santimita 3.5. Idan da za su iya su kaɗai, da ƙarin bai kai haka ba. Sannan magungunan da ke raunata DNA suna sa ƙwayar sankara ta ƙara fitar da MICA da ULBP, wato suna ƙara tona ta ga NKG2D, an san wannan tun 2005. Kemo yana rage yawan abokan gaba, yana fasa su ya zubar da abin da ke cikinsu garkuwa ta gani. Abin da jinkiri ke yi kuwa an auna shi: wani babban nazari da aka buga a 2020 ya nuna duk jinkirin mako huɗu a tiyatar ciwon daji yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 8 cikin 100. Irin sankarar yayarki tana cikin masu saurin girma, tana kuma cikin masu saurin amsa kemo. Ki lissafa neman biza, tafiya, mako biyu na hayayyafa, zagaye huɗu ko shida na ɗuri. Wata uku sun tafi, a lokacin da ciwon yake matakin da ake iya warkar da shi.

Ga abin da za ki sa ƙarfinki a kai. Da farko ki tabbatar da sakamakon nan na “babu, babu, babu”. A wurarenmu akan samu na ƙarya saboda yadda aka riƙe naman. Ƙa'ida ita ce a jefa shi cikin fomalin kashi 10 mai daidaitaccen tsami kafin awa ɗaya da cirewa, fomalin ya ninka naman sau goma, ya zauna awa 6 zuwa 72. Idan aka bar nama a tire, ko aka sa shi a ruwan gishiri, ko aka ba ɗan'uwa kwalba ya yi kwana biyar a mota, ER da PR suna lalacewa su fito babu alhali akwai. Ki tambayi likitan nazarin nama ko lafiyayyun bututun mama da ke cikin yankan sun kama launin ER. Idan su ma ba su kama ba, gwajin ne ya mutu, sai a sake. Wannan ba zai hana fara kemo ba, amma zai iya canza maganin shekara biyar masu zuwa.

Idan kina son sanin halin garkuwa a cikin ƙarin, akwai ma'auni na gaske mai arha. Ki roƙi a rubuta kason TIL, wato yawan limfosait da suka kutsa naman da ke tsakanin ƙwayoyin sankara. A kan gilashin H&E, wato yankan naman da aka rina domin dubawa a madubin likita, da aka riga aka yi ake karantawa, ba a buƙatar sabon yanka. Wani nazari na Jamus a 2018 ya nuna a irin wannan sankara, masu TIL kashi 60 zuwa sama rabinsu ƙarin ya ɓace ƙaf bayan kemo, masu ƙasa da haka kuwa kimanin kashi 31. Ko ya fito ƙasa ko sama, kemo za a yi. Amfaninsa sanin abin da za a sa rai ne.

Idan iyali suna da kuɗin da suke son kashewa a kan maganin garkuwa, wanda yake da hujja a matakin yayarki shi ne fembirolizumab, mai toshe PD-1, miligiram 200 duk mako uku tare da kemo, a ci gaba bayan tiyata. A gwajin KEYNOTE-522 mai mata 1,174, ɓacewar ƙari ƙaf a mata 602 na farko da aka duba ta tashi daga kimanin kashi 51 zuwa kimanin 65, waɗanda ke raye bayan shekara biyar kuma daga kashi 81.7 zuwa 86.6. Tare da kemo aka ba shi, ba a madadinsa ba. Yana da tsada ƙwarai, yana iya taɓa maƙoƙo, hanji, hanta da adirinal, don haka sai a hannun likitan da zai riƙa bibiyar waɗannan. Idan babu hali, kada kowa ya ji ya gaza: antirasaikilin da saikulofosfamaid zagaye huɗu, da fakilitaksel mako-mako har 12, da kabofilatin idan likitanta ya ga ya dace, a kan lokaci ba tsallake, shi ne ƙashin bayan maganin. Idan bayan tiyata an ga saura, akwai kafesitabin, sannan gasa wurin da na'ura, wato rediyoterafi.

Kafin zagayen farko ki tabbata an duba HBsAg da anti-HBc, domin ciwon hanta nau'in B yana da yawa a cikinmu kuma kemo yana tada shi. Wadda take da shi ana fara mata tenofobir ko entekabir kafin kemo. A yi hoton zuciya na eko kafin doksorubisin. Ki saya mata ma'aunin zafi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye nutirofil ke faɗuwa, idan zafi ya kai digiri 38 asibiti za a nufa a daren, ba a ce maleriya ce a sha magani a kwanta ba.

Shi kuwa dillalin, idan ya dawo, ki ce ya rubuta miki amsar waɗannan: Vδ1 ne ko Vδ2 za a ɗura, kashi nawa cikin ledar, mece ce lambar rajistar gwajin a ClinicalTrials.gov, wane kwamitin ɗa'a ya amince, mata nawa masu irin wannan sankara a mataki na biyu aka yi wa kuma a wace mujalla aka buga sakamakonsu, nawa ne kamashonsa. Gwaji na gaskiya ba ya sa mace ta bar maganin da aka san yana warkarwa, kuma a al'ada ba ya cajin kuɗin abin da ake gwadawa.

Ki karɓi lambar ƙullin kakin da aka adana naman yayarki a ciki, ki san ɗakin gwajin da yake, ki ajiye kwafin kowane sakamako da sunan kowane magani da adadinsa da ranar da aka ba ta. Idan an yi tiyata a sake yin haka da naman da aka cire. Duk wani gwaji na gaskiya da za ta iya shiga nan gaba, na gamma-delta ko waninsa, waɗannan zai fara tambaya.